Tunku da surinsa

Wani ɗalibi daga Ƙofar Mata ya turo tambaya, yace Malam wai menene tunku, kuma me ake nufi in ance "tunku ya san surin da yake wa kashi"?

To ɗana, tunku wata ƴar dabbar dawa ce mai dogon jiki da gajerun ƙafafu da baki tsinin-tsinin, tana cin ƙwari da ɓera da ƙwai, har maciji takan tara. Suri kuma shine tudun nan da gara ke ginawa. Yaran cikin gari da yawa basu taɓa ganin ko ɗaya ba, shi yasa maganar ke musu nauyi.

A bakin mutane ma'anarta kowa ya san inda zai yi son ransa ya kwana lafiya, mai rashin kunya ya san wanda yake wa, kusan kamar "kura ta san gidan mai babbar sanda".

Amma ni abinda ke burge ni wanda ya fara faɗin maganar nan ya lura da tunku ƙwarai, don kashin nan ba a banza yake yinsa ba, shaida ce. Akwai jinsin tunku masu zama garke-garke, kamar mai ratsi-ratsi a baya da akayi shekaru ana nazarinsa a Mweya ta ƙasar Yuganda, garke ɗaya yakan kai goma zuwa arba'in, a tsohon suri suke kwana, kuma suna da wuraren da suke taruwa suyi kashi da fitsari su goga wani ruwa mai wari da ke fita daga ƙarƙashin wutsiyarsu, duk tunkun da yazo ya shinshina ya san wurin da masu shi. Wani ɗan ƙaramin jinsin ma tsayawa yake da ƙafafun gaba ya ɗaga gindi sama don warin ya hau can bisa itace. Kuma a Mweya an gano in suka ji warin maƙwabta sun fi harzuƙa akan na baƙon da ya zo wucewa, saboda maƙwabci ne ke iya cin iyaka, faɗansu har kisa ake yi.

Don haka in kaji dattijo ya faɗeta ka duba zancen da akeyi, wani lokaci raini yake nufi, wani lokaci kuma cewa yake mutum ya san iyakarsa.

Hajiyar da ta tambaya daga Gwammaja ko jibda ita ce tunku, a'a Hajiya, jibda dabba ce daban, ita ake samun turare a jikinta.