Hajiya, kafin ki biya kuɗin otal a Zanzibar ki fara tambayar ina ruwan yake

Assalamu alaikum Hajiya. Tun jiya da daddare naga tambayarki, kika ce ke da maigida da yara uku kuna son zuwa hutun kwana bakwai a bakin teku, kin rasa wanda zaki ɗauka tsakanin Zanzibar, tsibirin nan na Tanzaniya, da Maldibs, ƙasar tsibirai dake tekun Indiya, sannan wane wata yafi kuma wane otal. Naso in amsa a take amma naga maganar ba ta layi biyu bace shi yasa na bari sai yanzu da na samu zama. Zanzibar sau uku naje, biyu daga ciki da yara, Maldibs kuma sau ɗaya ni da maigida kaɗai, to abinda idona ya gani zan gaya miki.

Da yara uku dai Zanzibar zance miki kai tsaye. Ba wai Maldibs bata da kyau bane, wallahi ruwan da na gani a can ban taɓa ganin irinsa ba, kina tsaye kina kallon ƙananan kifaye suna zagaya ƙafarki. Amma tsarin ƙasar ne daban, tsibirai ne kusan 1,200 a warwatse cikin teku, kuma manyan wuraren hutun nan da kike gani a hoto yawanci otal ɗaya tsibiri ɗaya ne, in kika sauka a filin jirgin da ke kusa da Male babban birnin ƙasar sai an sake ɗaukarki a jirgin ruwa mai gudu ko ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa, shi kuma da rana kawai yake tashi, in jirginku ya iso da dare sai kun kwana kun jira gari ya waye. Kuɗin wannan ɗaukar daban yake da na ɗaki kuma kai-kai ake lissafawa, ki ninka sau biyar ki gani. In kin isa kuma shikenan, abinci nasu, ruwan sha nasu, farashi nasu, babu inda zaki fita, tsibirin da muka zauna cikin minti ashirin muke zagaye shi da ƙafa. Ga mata da miji masu son shiru babu kamarsa, amma yaro kwana biyu zai fara tambayar ina za'a je. Akwai dai hanya mai sauƙi, tun 2009 aka yarda mutanen gari su buɗe gidajen baƙi a tsibiran da jama'a ke zaune irinsu Maafushi, in zuciyarki ta nace sai Maldibs to can zaki duba, ki je tsakanin Disamba da Afrilu lokacin da babu ruwan sama sosai.

To yanzu Zanzibar, kuma anan ne nake so ki ba ni hankalinki dan Allah, domin kuskuren da nayi zuwana na farko kusan duk wanda na sani ya tafka shi. Na zaɓi otal ne da hoto, a gabashin tsibirin wajen Jambiani, hoton ga ruwa shuɗi shar har gindin matakala. Mun isa da hantsi yara sun sa kayan wanka tun a mota suna ta murna, muna leƙawa baya babu teku. Wallahi babu. Farin yashi ne jiƙaƙƙe da duwatsu da 'yan kududdufai har iya ganinki, kwale-kwalen masunta a kwance kan yashi sun karkace, ruwan yana can nesa kamar zare fari. Ƙaramata ta fashe da kuka, ni kuma na nufi wajen masu karɓar baƙi raina a ɓace ina ganin an yaudare mu, matashin dake wurin ya nuna min wani allo da aka rubuta awoyi da alli yace Mama ki jira ƙarfe uku. Ƙarfe uku kuwa ruwa ya dawo har gindin matakalar kamar yadda yake a hoton. Ba ƙarya suka yi ba, sun dai ɗauki hoton ne lokacin da teku ya cika, kuma babu wanda ya gaya min in tambaya.

Abinda yake faruwa shine tekun yana cika yana janyewa sau biyu kowace rana, kusan awa shida yana zuwa awa shida yana komawa, kuma lokacin ba ɗaya bane kullum, yana matsawa gaba da kusan minti 50 duk rana. Wata ne yake jan ruwan, shi yasa janyewar tafi tsanani lokacin tsayuwar sabon wata da kuma lokacin da ya cika daren sha huɗu, a tsakiyarsu kuma abin yana yin sauƙi. A gabas, wato Paje da Jambiani da Bwejuu da Matemwe, ƙasan tekun shimfiɗe yake ba zurfi har zuwa inda murjani ya tare, to da ruwa ya ragu kaɗan sai ya ja baya da nisa sosai, wani wurin ya haura kilomita. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, bakin tekun yana da gangara, ruwa yana raguwa amma baya guduwa, musamman Kendwa kowane lokaci yaro zai iya shiga. Kuma can ne ake ganin faɗuwar rana cikin teku, gabas fitowarta ake gani. Illar arewa cunkoso, da kiɗa da dare a wasu wuraren, da masu talla dake bin mutum a bakin ruwa suna tallan yawon jirgi, su kam ki ce hapana asante, wato a'a na gode da yarensu na Suwahili, ki wuce, in kin tsaya hira kin shiga uku da ciniki. Ki nemi otal da yake ɗan gefe ba tsakiyar hayaniyar ba, kuma ki tambaye su a rubuce ko ana iya wanka a gabansu in ruwa ya janye.

Amma kar ki ɗauka na tsani gabas, daga baya ma ita nafi so. Washegarin ranar kukan nan muka bi yashin da sassafe, sai ga mata zaune cikin ruwa iya ƙwauri da zannuwansu masu rubutu a baki, sun kakkafa ƙananan turaku sun ɗaura igiyoyi jere-jere kamar kunyoyin gona, suna ɗaura ciyawar teku a jiki. Noma suke yi a cikin teku Hajiya, in ta girma su cire su shanya ta bushe a sayar, ana yin sabulu da man shafawa da ita, kuma aikin sai ruwa ya janye ake yinsa. Wata dattijuwa ta miƙa wa 'yata reshe ɗaya, abu mai santsi kamar roba, yarinyar da ke kuka jiya ita ce ta ƙi tafiya. Har yau in ana maganar tafiyar abinda take tunawa kenan ba ɗakin otal ba. Sai dai ki saya musu takalmin roba mai rufe ƙafa kowa da kowa har ke, akwai wata halitta baƙa dunƙulalliya mai ƙayoyi dogaye kamar bushiya da ke ɓuya cikin duwatsu, babban ɗana ya taka ɗaya, ƙayar karyewa take yi a cikin fata, kwana biyu yana ɗingishi. Kuma ki riƙa duba agogo, in ruwa ya juyo da sauri yake tahowa, kar ya same ku nesa da gaɓa da ƙananan yara.

Maganar wata kuma, ki guji Maris zuwa Mayu, damina ce babba suna ce mata masika, Afrilu yafi kowanne ruwa, wasu otal ɗin ma rufewa suke yi, in kinga farashi ya faɗi warwas a lokacin to dalilin kenan. Yuni zuwa Oktoba shine zaɓina da yara, ba ruwan sama sosai, ba zafi mai tsanani, ga iska mai daɗi da ke kaɗowa daga kudu. Nuwamba zuwa farkon Disamba akwai ƙaramar damina, ya zubo ya ɗauke rana ta fito. Janairu da Fabrairu rana ce tas amma da zafi da gumi, ƙarshen Disamba kuma tsada da cika. Ranar can bata da wasa ko da hadari, baƙar fata ma tana ƙonewa ta saɓule, na gani a kafaɗar yarana, ki riƙe man kariya da huluna, daga sha ɗaya zuwa uku a zauna a inuwa.

Kwana bakwai ɗin nan kar ki zube su duka wuri ɗaya. Ki fara da kwana biyu a tsohon garin da ake kira Stone Town, kusa yake da filin jirgi, UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lunguna ne matsattsu da mota bata shiga, ga manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, ga ƙamshin kanumfari da kahawa, kiran sallah ta ko'ina domin mafi yawan mutanen tsibirin musulmi ne, abinci babu fargaba. Sarakunan Oman ne suka mulki wurin, Sayyid Sa'id har fadarsa ya dawo da ita nan daga Maskat, shi yasa zaki ga Larabci da Indiyanci da Afirka sun cakuɗe a gini ɗaya. Ku je inda kasuwar bayi take da, an rufe ta a 1873 aka gina coci a wurin, akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nunawa, na fito jikina a sanyaye, in yaranki sun kai shekara goma ki shiga dasu su gani. Da yamma kuma lambun Forodhani a bakin ruwa ana gasa kifi da sauran kayan teku, ki zaɓi wanda za'a gasa a gabanki ki kuma yi ciniki kafin a ɗora a wuta.

Daga nan akwai ƙaramin tsibirin Changuu, kamar rabin awa a kwale-kwale mai inji, inda manyan kunkuru suke, asalinsu kyauta ce daga tsibiran Seshels a 1919, wasu sun haura shekara ɗari, girmansu yaro zai tsaya kusa da ɗaya ya zama abin kallo. Kar ki bari su hau bayansu dan Allah. Sai dajin Jozani da ke kan hanyar Paje, nan ne ake ganin jan birin da babu shi ko'ina a duniya sai Zanzibar, bayansa ja, gashin kansa fari a tsaitsaye, suna zaune kan reshe dab da kai suna cin ganye ko kallonki basa yi. Da safe ake zuwa, ba'a basu abinci ba'a taɓa su, kuma a tsallaken titi akwai gadar katako da ta ratsa cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje, ƙaguwa na ta shiga ramuka. Awa biyu zuwa uku ya isa.

Abu ɗaya da nayi nadamarsa shine yawon ganin dolfin, wata dabbar teku mai kama da babban kifi, a Kizimkazi dake kudancin tsibirin. Jirage sun fi goma suna bin dabbobin nan da gudu, da sun ɗago a yanke musu hanya mutane su yi ta faɗawa ruwa a kansu, abin bai min daɗi ba ko kaɗan kuma ban sake ba. In zaku je ki gaya wa mai jirgin tun a gaɓa ku kallo kawai kuke so daga nesa. Kuma kowane jirgi zaku shiga, ko na minti goma ne, ki ga rigar ceto daidai jikin kowane yaro da idonki kafin ki biya, in ance tana cikin jirgi kice a fito da ita, in ta manya ce kawai ku fasa. Sannan ki kula da lissafin lokacinsu, a Suwahili daga wayewar gari ake fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shine ƙarfe ɗaya a wajensu, in mai jirgi yace saa mbili to ƙarfe takwas yake nufi, ki sa ya nuna miki a waya.

Takardu kuwa, Zanzibar ɓangaren Tanzaniya ce tun haɗewar 1964 don haka bizar Tanzaniya ake shiga da ita, ki gama da ita da wuri kafin ki yanki tikiti. Tun Oktoban 2024 sun wajabta wata inshora tasu ta baƙi, dala 44 babban mutum, ta intanet ake biya kuma ko kina da wata inshorar sai kin yi tasu. Katin rigakafin shawara shima ki riƙe na kowa, suna tambaya ga wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar, ki kuma ga likita akan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Kar ki zuba kaya a leda, an hana leda a ƙasar. Kuɗinsu shilin Tanzaniya ne, ki canza ki ciri isasshe tun a cikin gari domin ƙauyukan bakin teku na'urar cire kuɗi bata da yawa kuma takan ƙare. Tasi babu mita, a gama magana kafin a shiga, daga gari zuwa Nungwi kamar awa ɗaya da rabi ne.

Ni da zan tsara miki, kwana biyu a gari, ɗaya ko biyu a gabas a biya ta Jozani a hanya, sauran a Kendwa yara su sha wankansu. Sunan otal kam ba zan kama ba sai naji shekarun yaran da watan da kuka tsayar, ki rubuto su anan ƙasa, sai mu duba jadawalin cikar ruwa na ranakun tare mu ga wane gefen ya kamata ku fara sauka. Allah ya kai ku lafiya ya dawo daku lafiya.