Baba Ya Samu Bugun Zuciya: Ya Kwanta Ko Ya Motsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina mai shekara 62 ya samu bugun zuciya wata guda da ya wuce, aka saka masa ɗan bututu a jijiyar da ta toshe. Da za a sallame shi aka ce ya shiga shirin farfaɗo da zuciya, wai har da motsa jiki. Mu kuwa ko ruwan sha ba ma bari ya ɗauko da kansa. Anya ba ganganci ba ne a sa mai ciwon zuciya atisaye?
Daga wata mai bibiyar wannan fili

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na fahimci tsoronku, amma don Allah ku kai shi, kuma kada ku ja lokaci.

A da, likitoci ma irin tunaninku suke yi. Wanda ya samu bugun zuciya akan kwantar da shi har mako shida, ko zama ba a barinsa ya yi. A 1952 ne wasu likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Samuel Levine da Bernard Lown, suka nuna cewa marasa lafiyar da aka zaunar a kujera tun kwanakin farko sun fi saurin murmurewa. Sannan a 1966 aka kwantar da samari biyar lafiyayyu a birnin Dallas na Amurka tsawon mako uku, ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka tarar tsufan waɗannan shekaru bai cinye su kamar kwanciyar mako ukun ba. To ina ga dattijo mai jinya?

Ba sakin sa za a yi ya kama gudu ba. Da farko za a auna hawan jininsa da bugun zuciyarsa, a gwada iya tafiyar da zai yi. Ranar atisaye akan manna masa wayoyi a ƙirji, ya hau keken motsa jiki ko na'urar tafiya, ma'aikaciyar jinya tana kallon bugun a allo. A fara da mintuna kaɗan, a riƙa ƙarawa. Ma'aunin da nake ba mutane mai sauƙi ne: idan yana tafiya yana iya magana, daidai ne, idan haki ya hana shi ƙarasa jimla, ya rage. Yawanci shirin yakan ɗauki mako 12, sau biyu ko uku a mako.

Binciken da aka tattara ya nuna masu shiga shirin sun fi ƙarancin komawa gadon asibiti, kuma haɗarin sake samun bugun yana raguwa. Can ne kuma za a bi masa lissafin magunguna, musamman na hana daskarewar jini wanda bai kamata mai bututu ya daina ba sai da izinin likita, a yi maganar rage gishiri, barin taba idan yana sha, da kula da suga.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda iyalai ba sa gani. Mutumin da ya saba fita neman na kansa, yau an mayar da shi abin lallaɓawa, duk motsin da ya ji a ƙirji sai gabansa ya faɗi. Damuwa da baƙin ciki suna yawan biyo bayan bugun zuciya, kuma suna sa mutum ya yi sakaci da magani. Ranar da Baba ya ga sa'ansa yana taka keke yana hira, rabin wannan fargabar za ta tafi.

Idan zuwa cibiyar zai yi wuya, ku nemi likitansa ya tsara masa na gida, ya rubuta mintuna nawa zai yi tafiya da ranar da zai dawo a duba shi. Ɗayanku ya riƙa raka shi. Da zarar ya ji nauyi a ƙirji, jiri, gumi mai sanyi ko haki da bai saba ba, ya tsaya ya zauna. Idan ciwon bai lafa ba cikin minti biyar, ku wuce da shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.