Bashin jika 450 da shago ɗaya: amsa ga wani matashin ɗan kasuwa a Tahoua

Wani ƙanenmu daga Tahoua a Nijar, inda jika ɗaya ke nufin sefa dubu, ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon kayan masarufi, shinkafa, mai, sukari, taliya da sabulu. Ina da mata da yara biyu, ƙaramin watansa huɗu. Bashi ya taru mini: jika 180 na gidan rance da na ci lokacin haihuwa da suna, ina biyan jika 20 duk wata, jika 120 na Alhajin da ke ba ni kaya daga Ƙonni, jika 60 na hayar gida ta wata uku, sai jika 90 na yayana da ke cin rani a Abijan. Ribata a rana ba ta wuce jika 4 idan an fidda kuɗin shago. Wani aboki ya ce in ci sabon bashi in biya duka lokaci guda, wani kuma ya ce in sayar da moto. Maiɗakina ba ta san yawan bashin ba. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya raya yaron, ya ba mahaifiyarsa lafiya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma naka bai kai inda za ka rasa barci ba tunda har ka iya lissafa shi kai tsaye, jika da jika. Mutane da yawa da ke zuwa wurina ba su ma san nawa ake bin su ba.

Shawarar abokinka na farko, ka ajiye ta. Duba lissafinka da kyau: cikin jika 450 ɗin nan, jika 270 babu ruwa a kansu. Alhaji bai ɗora maka ko dala ba, mai gidan haya haka, yayanka haka. Idan ka je ka ciyo sabon rance ka biya su, ka ɗauki bashin da ke zaune ka mai da shi bashi mai haihuwa. A ƙasashen da ke amfani da sefa ta BCEAO, wato babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, tun 2014 dokar ta yarda ƙananan gidajen rance su ɗora ruwa har kashi 24 cikin ɗari a shekara. Jika 450 a wannan ruwa, ko da kana ragewa wata-wata ka gama cikin shekara guda, za ka zuba kusan jika 60 da ba ka ci ba, ba ka sha ba. Hayar gidanka ce ta wata uku. Ga kuma maganar riba a addini, wadda ka sani na sani. Sannan mutanen nan uku ana iya zama da su a yi magana, su ji uzurinka. Takarda da sa hannu ba ta jin uzuri.

Abin da na fi zargi a cikin maganarka, ko da yake ba ka faɗa ba, shi ne akwatin shago da tukunyar gida aljihu ɗaya ne a wurinka. Alamar ita ce bashin Alhaji. Kayan da ya ba ka ai ka sayar da su, to ina kuɗin? Sun fita da dala ashirin-ashirin: na koko da safe, na sabulun wanki da aka aiko yaro ya ɗauka a kanta, na gudummawar bikin maƙwabta, na katin waya. Babu ɗaya daga ciki da ya yi kama da ɓarna ranar da ya fita. Amma wannan ba riba kake ci ba, jari kake ci, kuma jarin ma na wani. Muddin ba ka toshe wannan ƙofar ba, ko wani ya biya maka jika 450 yau, baɗi war haka za mu sake wannan zancen.

Don haka daga gobe ka yanka wa kanka albashi, kamar yaron shago. Kowace safiya ka fidda jika 2 na cefane ka miƙa wa maiɗakinka, shi ke nan. Idan gida na son tiyar shinkafa daga shagonka, a saya da kuɗin cefanen nan, ka sa su a akwati kamar na kowane mai saye. Da farko zai yi maka nauyi, har ka ji kamar ka zama baƙo a shagonka. Ka daure. Sati biyu sun isa ka ga ainihin abin da shagon ke kawowa, wataƙila ma ka tarar ya fi jika 4 ɗin da kake zato.

Ga yadda nake ganin watan naka. Jika 4 a rana, jika 120 ke nan. Cefane 60, haya 20, wuta da ruwa mu ce 8, sai jika 5 da za ka ɓoye don rashin lafiya. Saura 27. Waɗannan alƙaluma na wuta da ruwa ƙiyasi ne nawa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai ka gyara su. Amma jika 5 ɗin nan kar ka taɓa su. Gaskiya ne tun 2006 gwamnati ta sa a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati, sai dai duk uban da ya taɓa kai yaro cikin dare da damina, lokacin da zazzaɓin sauro ke kan ganiyarsa, ya san akwai ranar da za a rubuta masa magani ya je ya saya a waje. Irin wannan daren ne ke mayar da mutum ƙofar mai ba da rance.

Cikin 27 ɗin, jika 20 na gidan rance ne, kuma shi ne farko kullum, ran da aka yanka, don jinkiri a can tara yake jawowa. Sauran 7 ka riƙa ɗora su kan hayar wata, ka ba mai gida 27 maimakon 20. Nan da wata tara ka gama da su biyun. Daga nan duka 27 ɗin su koma kan Alhaji, sannan yayanka.

Alhaji kuwa ba zai jira wata tara ba tare da ya ga komi ba, kuma bai kamata ya jira ba, shi ne jijiyar shagon. A nan ne za ka buɗe littafin da kake rubuta masu cin bashi a wurinka. Ban ga mai shagon unguwa a Tahoua ko Yamai da ba shi da irin wannan littafi ba, kuma sau da yawa abin da ke cikinsa ya kai rabin abin da ake bin mai shagon. Ka bi su ɗaya-ɗaya, da fara'a, ka fara da ma'aikata ranar da albashi ya shigo. Duk abin da ka karɓo, kar ya kwana a akwati, ka tura wa Alhaji. Idan ka samo ko jika 55 ne, duk bashin nan zai ƙare cikin wata 15 ko kusa da haka. Ka je Ƙonni da ƙafarka ka faɗa masa haka, ka roƙe shi a raba tsohon bashi da sabon kaya: sabon kaya kana biya da zarar ka sayar, tsohon kana ragewa a hankali. A rubuta, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Dattijon da ya ga ka zo da kanka kafin ya aiko, da wuya ya ƙi.

Moto kar ka sayar, idan da shi kake ɗauko kaya daga tasha. Kuɗin zai tafi a rana ɗaya, kuɗin ɗan kabu-kabu da mai amalanke kuma su zama naka har abada.

Sai maganar da ta fi damuna, ta maiɗakinka. Ƙanena, ka zauna da ita daren yau bayan yara sun yi barci, ka faɗa mata adadin duka. Ita ce za ta riƙa juya jika 2 ɗin nan su zama tuwo da miya, ta yaya za ta yi tattali a kan abin da ba ta san dalilinsa ba? Idan ba ta sani ba, ƙarancin cefane a idonta rowa ce, ko kuma ta yi zaton kana tara kuɗin ƙarin aure, kuma daga nan gida ya fara zafi. Idan ta sani, ita da kanta za ta ce a bar ankon bikin nan, a sayi gero da kaka lokacin da tiya ke da sauƙi maimakon a jira tsakiyar damina. Na ga mata da yawa da suka fi mazansu iya riƙon kuɗi nesa ba kusa ba, ba banza ba ne tsarin asusun mata na tara kuɗi da ba juna rance, Mata Masu Dubara, da aka fara a yankin Maraɗi a 1991 ya bazu har wasu ƙasashe. Abu ɗaya nake gargaɗinka: akuyarta, kayan ɗakinta da kuɗin adashinta nata ne. Idan ta ba ka da ranta, ka rubuta shi a matsayin bashi na biyar, ka biya.

Babbar Sallah za ta same ka cikin wannan hali, ka tambayi limamin unguwarku tun yanzu hukuncin layya ga wanda bashi ya yi wa nauyi, don kar ka ciyo rago bashi saboda idon maƙwabta. Yayanka kuma, wanda zai zo ƙarshe a layi, kar ka bar shi cikin shiru. Ka kira shi a satin nan ka faɗa masa watan da za ka fara biyansa, ka tambaye shi ko yana da wata buƙata kafin lokacin, kamar dawowa gida noma, don ka san ko sai ka matso da nasa gaba.