Zuwa Comic-Con na San Diego a karon farko

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka halarci Comic-Con na San Diego a Amurka, taron masoya littattafan zane da finafinan ƙagaggen kimiyya da aka fara a 1970.

Tikiti ne babban aiki. A Yuli ake taron, amma tun watanni kafin nan ake sayar da tikitin ta intanet, nan da nan ya ƙare. Ka yi rajista da wuri. Kada ka saya a hannun 'yan kamasho, domin da sunan mai shi ake fitarwa.

Hall H, babban zauren taron, yana ɗaukar mutum kusan 6,500, amma na ga masu kwana a layi lulluɓe da bargo don su samu shiga. Sa takalmi mai laushi, riƙe gorar ruwa.

Zancen biza kuwa, tuntuɓi ofishin jakadancin Amurka, ka rabu da dillalai.