Gashin moksa na Sinawa: zai iya juya jaririn da ke zaune a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da cikin fari, wata takwas. Da na je awo aka yi mini hoto, aka ce jaririn a zaune yake, kansa na sama. Maigidana kan je saro kaya Guangzhou, ya taho da wasu sanduna masu kama da ƙaton sigari, wai can ana kunna su kusa da yatsan ƙafa jariri ya juya. Da gaske ne? Tsoron tiyata nake yi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Abin da maigidanki ya kawo sunansa moksa, kuma ba sabon abu ba ne. Ganyen wani tsiro ne ɗan dangin tazargade, ana shanya shi a daka har ya yi laushi kamar auduga, sannan a naɗe. Ba ya kamawa da harshen wuta, ci yake a hankali kamar garwashi. A kaburburan Mawangdui da ke lardin Hunan na ƙasar Sin an tono rubuce-rubucen da aka binne tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suna bayanin wannan gashi, ba su ma ambaci tsira allura ba. Japan da Koriya su ma suna yinsa. Wasu kan ɗora ɗan ƙullin ganyen a kan yankan citta ko tafarnuwa, wasu su zuba gishiri a cibiya su kunna a kai.

A gashin da ake yi don juya jariri kuwa, ana riƙe sandar ne kusa da gefen farcen ƙaramin yatsan ƙafa, ba tare da ta taɓa fata ba, kimanin minti 15 kowace ƙafa. Matar tana jin ɗumi yana ratsa ta, jaririn kuma yakan ƙara motsi.

An gwada shi. A 1998 aka buga wani bincike da aka yi a lardin Jiangxi na ƙasar Sin kan mata 260 masu cikin fari a mako na 33. Zuwa mako na 35, kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa gashin jariransu sun juya, waɗanda ba a yi wa ba kuma kashi 48. Duba wannan kashi 48 da kyau: kusan rabi sun juya don kansu, ba a yi musu komai ba. A cikin dukan masu ciki kuwa, zuwa lokacin haihuwa jarirai uku zuwa huɗu cikin ɗari ne kawai ke kasancewa a zaune. Da masanan Cochrane, wata ƙungiya mai tace binciken lafiya, suka tattara gwaje-gwajen a 2023, sun ga da alama gashin yana ɗan taimakawa, amma bai rage yawan tiyata ba. Wannan ne nake so ki ji, tunda ita kike gudu.

Kada ki kunna sandar nan sai kin nuna wa likitar da ke duba ki. Wani jaririn yana da dalilin zamansa: mabiyiya ta tare ƙofar mahaifa, ko ruwan ciki ya yi kaɗan, ko tagwaye ne. Mai hawan jini ko zubar jini ma ba nata ba ne. Ga ƙuna idan toka mai zafi ta faɗo, musamman ga mai ciwon suga da ƙafarta ba ta jin zafi sosai, ga hayaƙi mai kauri da ke tayar da asma.

Ki koma awo a mako na 36 a sake hoton. In har yana zaune, ki tambayi ko asibitin na da likitan da ya iya juya jariri da hannu ta saman ciki, domin wajen rabin matan da ake yi wa ana dacewa. Kuma don Allah, in naƙuda ta zo bai juya ba, kada a tsaya a gida.