Ɓangarori uku na shafi ɗaya suna ɗauko bayani ɗaya: ga yadda nake yi a Laravel, tsarin gina shafukan intanet da harshen PHP

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, a shagonka na intanet kan shafi, wato samansa, yana nuna adadin kayan da ke cikin kwandon mai saye, gefe yana nuna jimillar kuɗi, tsakiya kuma tana jero kayan, kuma kowane ɓangare yana zuwa rumbun bayanai da kansa. Kana tambaya ko ka zuba bayanin a seshin, ko ka ajiye shi a wani `static` (ma'ajin da ke manne da ajin PHP kansa) kowa ya ɗiba. Shawarata kada ka yi ko ɗaya. Na biyun ya taɓa ƙona ni, shi ya sa zan tsawaita.

Kafin ka tambayi inda za ka ajiye bayani, fara tambayar tsawon ran da kake so ya yi. Naka buƙata ɗaya kawai zai rayu: burauza ta nemi shafi, an gina, an aika, shi ke nan. Seshin kuwa an yi shi ne don abin da zai bi mutum daga wannan shafi zuwa wancan. Idan ka zuba jimillar kuɗi a ciki, ranar da farashi ya canza mai saye zai ci gaba da ganin tsohon lissafi har sai ka tuna ka goge. `Cache::remember`, mai ajiye bayani na ɗan lokaci a ƙarƙashin wani mabuɗi, shi ma haka, ya ma fi haɗari, domin idan ka manta lambar mai amfani a cikin mabuɗin, kwandon mutum ɗaya kowa zai gani.

Ga abin da ya same ni. Na taɓa gina wa wata makaranta shafin da iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu. Sunan ɗalibi da ajinsa suna fitowa a wurare da dama, sai na ajiye su a `static` don kada a riƙa maimaita tambaya. Ya yi aiki lafiya lau na tsawon lokaci, saboda a ƙarƙashin PHP-FPM, hanyar da aka saba gudanar da PHP a kan saba, kowace buƙata daga farko take farawa, tana ƙarewa a share duk abin da ta ajiye. Da Laravel Octane ya fito a 2021, na mayar da shafin kansa don ya ƙara sauri. Shi Octane, ko da Swoole ko da RoadRunner (injunan da yake gudana a kansu), sau ɗaya yake tayar da manhajar ya bar ta a ƙwaƙwalwa, ma'aikaci ɗaya, wato kwafin manhajar da ke gudana, ya yi ta karɓar buƙatun mutane bi da bi. Abin da ke cikin `static` ba ya gogewa. Wani uba ya shiga ya tarar da sunan ɗan wani a saman shafinsa. Wallahi ranar ban ji daɗi ba ko kaɗan, don amanar mutane ce aka damƙa mini. A kwamfutata kuma ba zan taɓa ganin kuskuren ba, tunda ni kaɗai nake shiga.

Abin da nake yi yanzu ba shi da wahala. Ƙirƙiri aji (class) guda na PHP, ka ce masa `Kwando`, wanda shi kaɗai ya san hanyar rumbun bayanai. A cikinsa ka rubuta aikin da ke dawo da kaya kamar haka: `return $this->kaya ??= $this->dauko();`. Alamar `??=` tana nan tun PHP 7.4, ma'anarta idan an riga an ɗauko a bayar, idan ba a ɗauko ba a ɗauko yanzu. Sai ka je `register` na `AppServiceProvider` ka sa `$this->app->scoped(Kwando::class);`. Duk ɓangaren da ya nemi `Kwando` daga kwantenar Laravel (sashen da ke ƙirƙiro abubuwa yana miƙa wa mai nema) a cikin buƙatar nan, guda ɗayan nan za a miƙa masa. Bambancinsa da `singleton`, wanda shi ma kwafi ɗaya yake bayarwa, shi ne Laravel da kansa yake zubar da shi idan ma'aikacin Octane ya karɓi sabuwar buƙata, ko ma'aikacin layi, mai yin ayyukan da aka jera a bayan fage, ya ɗauki sabon aiki. Ka lura da na ƙarshen: ko ba ka amfani da Octane, `queue:work`, wato ma'aikacin layin, shi ma ba ya mutuwa tsakanin ayyuka.

Idan ɓangarorinka na Blade, tsarin zana shafi na Laravel, masu aji ne, ka rubuta `Kwando $kwando` a cikin `__construct` ɗinsu, kwantena za ta kawo shi. Wani alfanu da nake so a wannan tsari shi ne shafin da bai nuna kwando ba ba zai taɓa rumbun bayanai ba sam.

Na san wasu za su ce maka `View::share`, mai raba bayani ga dukan shafuka, a cikin `boot` na `AppServiceProvider`. Yana da kyau ga abin da ba ya canzawa, kamar sunan shago. Amma ka kira `auth()->user()` a wurin ka gani, babu komai za ka samu, domin a lokacin `StartSession` bai riga ya buɗe seshin ba. `View::composer('*')` kuma yana gudana ne a kan kowane guntun shafi da aka zana, har da ƙananan da ka saka da `@include`. Idan tambayar rumbun bayanai tana cikinsa kai tsaye, matsalarka ce ta ninka. Ka ambaci sunan guntun da kake nufi, ya kuma karɓi bayaninsa daga `Kwando`.

Akwai wata dabara da nake roƙonka ka guje mata: tsakiyar shafi ta ajiye bayani don kan shafi ya zo ya ɗauka. Za ka ga tana aiki, saboda da `@extends` Blade yana gama sassan ciki kafin ya zana babban tsarin shafin. Amma ranar da wani ya sauya jerin ɓangarorin, kan shafi zai tarar da wayam, kuma babu saƙon kuskuren da zai nuna maka dalili. Idan take ne ko wani ɗan rubutu kake son turawa sama, `@section` da `@push` don haka aka yi su.

Abu biyu su rage a ranka. Idan a cikin buƙata ɗaya ka karanta kwando sannan ka ƙara kaya, dole ka mayar da `$this->kaya` zuwa `null`, in ba haka ba tsohon adadi zai fito. Sannan kowane kira na Livewire ko AJAX, masu sabunta wani sashen shafi ba tare da sake loda shi duka ba, buƙata ce sabuwa mai zaman kanta, za ta sake ɗauko bayaninta, kuma hakan daidai ne.

Kafin ka taɓa komai, saka Laravel Debugbar ka buɗe shafin, ka duba jerin tambayoyin da aka aika wa rumbun bayanai. Yana nuna waɗanda aka maimaita. Ka gyara, ka sake dubawa. Idan tambayar kwando ta fito fiye da sau ɗaya, akwai ɓangaren da har yanzu yake rubuta `new Kwando` da hannunsa maimakon ya karɓa daga kwantena. Turo mana ajin ɓangaren mu duba tare.