Gwaji da f = 1 ba ya isa a sararin Hardy

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa ba ma tsayawa ga gwada f = 1 idan muna son sanin ko ofareta T_g yana da iyaka a sararin Hardy H² (sararin fanshin analitik a faifan |z| < 1 waɗanda murabba'in girmansu ke da intigiral a kan da'irar |z| = 1). T_g shi ne ofaretan da ke ɗaukar f ya mayar da intigiral na f(w)g′(w) daga 0 zuwa z. Lissafinka daidai ne: f = 1 tana ba da g − g(0), don haka dole ne g ta kasance a cikin H². Sai dai iyaka tana nufin a samu lamba C guda ɗaya wadda girman T_g f ba zai wuce C sau girman f ba ga kowace f, kuma fanshin guda ba ya tsayawa a madadin sauran.

Ɗauki alƙalaminka ka gwada g(z) = (1 − z)^(−1/4). Tana cikin H², domin |1 − z|^(−1/2) yana da intigiral a kan da'irar. Yanzu sanya f = g. Sakamakon shi ne (g² − 1)/2, wanda murabba'in girmansa ke tafiya kamar 1/|1 − z| a kusa da z = 1, kuma wannan intigiral ba ya tsayawa. Ka ga g ta ci gwajinka, amma ofaretan ya fitar da f daga sararin baki ɗaya.

Matsalar tana gefen faifan ne, inda f = 1 ba ta leƙawa da kyau. Shi ya sa muke amfani da daidaiton Littlewood da Paley, wanda ke mayar da tambayar zuwa ko |g′(z)|²(1 − |z|²) ma'aunin Carleson ne (wato intigiral na |f|² da wannan nauyin a kan faifan ba ya wuce wata lamba sau murabba'in girman f, ga kowace f a H²), sannan mu gwada da iyalin k_a(z) = √(1 − |a|²)/(1 − āz), waɗanda girman kowannensu 1 ne amma suke tattara nauyinsu wuri ɗaya a kan da'irar yayin da |a| ke kusantar 1. Pommerenke ya nuna a 1977 cewa sharaɗin shi ne g ta kasance a BMOA, wato fanshin H² waɗanda matsakaicin kaɗawarsu a kan kowane yanki na da'irar yake da iyaka. Aleman da Siskakis suka faɗaɗa shi zuwa H^p (inda p ke maye gurbin 2) a 1995, kuma a 1997 suka nuna cewa a sararin Bergman (inda ake ɗaukar intigiral a kan dukan faifan) sararin Bloch (inda (1 − |z|²)|g′(z)| ke da iyaka) ne ke maye gurbin BMOA.

Kada kuma ka zarce ka ce dole g ta zama mai iyaka ita kanta. g = log(1/(1 − z)) ba ta da iyaka, amma tana BMOA, kuma daga gare ta ofaretan Cesàro (mai ɗaukar matsakaicin lambobin farko na jeri) ke fitowa, wanda Brown, Halmos da Shields suka nuna a 1965 cewa girmansa a H² daidai 2 ne. A H^∞ kuwa, wato sararin fanshin analitik masu iyaka, gwajinka ya wadatar wajen nuna cewa wannan ofaretan ba shi da iyaka, domin f = 1 tana ba da logaridim ɗin da ba shi da iyaka.